Kare a Cikin Rariya

Yaran yanzu in sun zo rumfata suka tarar ina bin layi da allura, sai su ce, "Baba, ai wannan aikin hutu ne. An yi maka zane, kai dai bi kawai." Kwanan baya ma wani ya miƙo mini waya, wai in ga wata Baturiya tana ɗinka fuskar karenta a cikin zoben katako, kafin ka tauna goro ta gama. Na ce masa ai a waya har bene kan tashi kafin a tauna goro. Na kuma gaya masa ni na yi irin wannan aiki tun ubansa bai shiga lakwal, makarantar boko, ba, kuma saura ƙiris ya raba ni da sana'ata. Dariya ya yi. To, ga yadda aka yi, mai yarda ya yarda.

A Magariya na koyi ɗinkin hannu, wajen kawuna Gambo. Na daɗe a rumfarsa ban taɓa riga ba. Aikina warware zare, murza shi a cinya, da zura wa manya a allura. Da ya ga na daina ɓarnar zare sai ya ba ni tsumma ya ce in yi sarƙa, ɗinkin nan da ke tafiya zobe cikin zobe. Ma'auninsa ƙwayar gero. Yakan ɗauko ƙwaya ɗaya ya ɗora a kan layina, ya riƙa tura ta da farce. In ya tarar da taki ɗaya da ya fi ta tsawo, ko ya gaza, ba ya faɗa. Aska kawai yake sa wa layin tun daga farkonsa, ya miƙo mini tsummana. Na tsani ƙwayar geron nan ƙwarai. Amma ita ta gyara mini hannu, har ya kai ko ina hira ko ina gyangyaɗi, allurata ba ta taka fiye da ƙwayar gero.

Kayan aikinmu ba su cika aljihu ba: allura, tsinken ƙarfe na huda ido, aska, da ɗan dunƙulen kakin zuma na shafa wa zare. Ba mu san zobe ba, ba mu san katako ba. A gwiwa muke ɗora riga, yatsun hagu su ja yadi, na dama su yi aiki, har su yi kanta. Zaren da muke ji da shi tsamiya ne, mai ruwan ƙasa-ƙasa, sai fari da kore na kanti. Kuma launi ɗaya ake yi wa riga, daga wuya har aljihu. Wanda ya gauraya launi a babbar riga sai a ce kayan wasa ya yi.

Abin da yara ba su sani ba shi ne, a zamaninmu maɗinki ba ya zane. Mai riga zai sayi shaddarsa, tela ya haɗa, sannan a kai wa mai zane, shi kuma ya ce a kai wa maɗinki wane. Mai zanenmu Malam Isuhu ne, wani siririn dattijo marar yawan dariya. Zai shimfiɗa riga a tabarma, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja aska takwas ɗin nan masu tsini da ke saukowa a ƙirji, ba ma'auni, ba gogewa. Dagi kuwa, ƙullin da layinsa ke hawa yana sauka yana ratsa kansa, yakan fara shi ya rufe shi bai ɗaga hannu ba sai don tsoma tawada. Sauran masu zanen garin duk a hannunsa suka koya. Saboda haka in Malam ya juya maka baya, alƙalamin garin ne gaba ɗaya ya juya, kai kuma ka zauna da allurarka kana kallon farin yadi.

Rigar farko da na yi ni kaɗai ta wani dillalin gyaɗa ce daga Bande. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya tsuguna a gabana, ya tare mini haske, ya ce, "An kusa?" In ce masa da saura, ya ce ai wancan makon ma haka na ce. Ran da ya karɓa bai dubi aikin ba, ɗaga rigar ya yi a hannu yana jin nauyinta, wai yana so ya tabbatar zaren da ya saya duk ya shiga. Irinsa ne akasarin masu ba mu aiki a lokacin. Kuɗin gyaɗa ke ɗinka riga a ƙasarmu. In kaka ta yi kyau, kamyo, manyan motocin kaya, na ta lodin buhuna, sai ka ga manomin da ya shekara da taguwa ɗaya ya zo yana tambayar aska takwas. Mukan yi aiki har ido ya yi ja, musamman in salla ta matso.

Sai damina ta ƙi, ta sake ƙi. Shekarun fari ɗin nan da kuke jin labari, farkon saba'in. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa ko iri ba ta mayar ba, shanu na faɗuwa a bakin hanya. Ba mai ɗinka riga, sai mai sayar da tasa. Na ga rigunan da na yi da hannuna rataye a kasuwa, fatake daga Kano na taya su tayin wulaƙanci. Lokacin Kawu Gambo ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, ga matata Rabi, ga yara. Anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, muke jiƙawa mu ci, da ganyen jiga. Nakan zo rumfa in zauna kullum, ba don akwai aiki ba, don dai kada a ce ta mutu.

A cikin wannan hali ne Nomau ya zo, wani maharbi daga Kwaya, irin waɗanda muke kira Baushe, dogon dattijo da warki da layu a damtse. A bayansa ga jan kare, haƙarƙarinsa duk a waje. Masu zaman rumfa suka janye ƙafafu, wani har ya lalubi dutse.

"Salamu alaikum. Kai ne Lawali maɗinki?"

"Ni ne, Baushe. Bisimilla. Amma abokin tafiyarka ya dakata daga waje."

"Ai saboda shi na zo."

Na ce, "Riga za a yi masa ko hula?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya jira mutane suka watse, sannan ya matso. Ya ce ya taɓa yi wa wani Nasara mai haƙa rijiyoyi jagora, har ya shiga gidansa a Damagaram. A jikin bango ya ga kyanwa an yi ta da zare a cikin wani zobe kamar bakin rariya, sai ka rantse za ta yi kuka. Irinta yake so in yi wa karensa.

"Ba zai ga damina ba," in ji shi. "Ya tsufa, daji kuma ba kowa, ko gafiya ta yi ƙaura. Na kai shi wajen mai hoto, ya ƙi tsayawa, abin ya fito kamar hayaƙi. Ɗana na aiko mini da dawa daga tsallaken iyaka. Kai ka yi mini shi, ni in raba dawar nan da kai, da 'yar bandar da ta rage."

Na tambayi sunan karen, ya ce Bar-su. Maƙwabta ne suka dame shi da tsegumi shekarar da ya samo shi, shi ne ya raɗa masa haka. In ya ji sun fara, sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga murya, "Bar-su! Bar-su!" Kare ya taho da gudu, maƙwabta su kama bakinsu.

Da jin dawa ban tsaya dogon tunani ba. Na yi abin da na saba yi da kowane aiki, na yanki ƙyallen akoko na nufi zauren Malam Isuhu.

"Allah gafarta Malam, zane na kawo."

Ya yi mamaki, don rabonsa da zane shi ma an daɗe. Ya jawo tawada. "Wannan ɗan ƙyalle? Me za a yi a kai?"

Na ce, "Kare."

Ya ajiye alƙalami a hankali. Na ba shi labari duka, har dawar. Ya saurara bai katse ni ba.

"Lawali, ba na zana mai rai. Ko doki ne, balle kare. Alƙalamin nan shi nake rubutu da shi."

"Allah gafarta, yara ba su ci ba."

"Na sani. Nawa ma haka. Ban hana ka ba, ba ni na haife ka ba. Amma ka ji da kyau: in ka yi surar mai rai, kada ka sake jiran riga daga wajena. Mutane da rigunan nan suke tsayuwa a sahu. Ba zan ja layi hannun da ya yi sura ya bi shi ba."

Malam ba ya magana biyu, kowa ya sani. Na dawo gida na gaya wa Rabi. Tana durƙushe tana sauya wa anza ruwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wace riga? Wa ke ɗinka riga bana?"

"Fari wucewa yake, maganar Malam ba ta wucewa."

"To, sai mu dafa maganar Malam mu ba yara."

Na ce ta ara mini rariyarta, don na san ɗinki mai cika irin wannan in aka yi shi a gwiwa yadi tattarewa yake. Ta ce, "Ɗauka mana. Me nake tankaɗewa?" Na ɓalle ragar, na shimfiɗa akoko a kan bakin katakon, na ja shi na ɗaure da tsirkiya kamar fatar kalangu, har in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Washegari na hau jakin aro na bi Nomau Kwaya, don aikin ba na rumfa ba ne a gaban jama'a.

Ranar farko a zauren Nomau na gane wani abu. Na girma karnuka na yawo a gari, amma ban taɓa kallon kare ba. Jifa na sani, da kora. Na ɗauki gawayi na zana abin da nake tsammani kare ne. Nomau ya leƙo ya ce, "Akuyar wa?" Na goge na sake, ya ce wannan karon na kusa, jaki ne. Matarsa ta leƙo ta bayan zana, ta koma tana ƙyaƙyata dariya har da tari. Ƙafafun baya su suka fi ba ni wuya, na rasa ta ina suke lanƙwasa. Hannun da ya saba bin layin wani, in ka ce ya ja nasa, rawa yake.

Da abin ya ƙi, Nomau ya ce, "Bar ƙafafun. Sun gama aikinsu. Fuskar nake so."

Shi ya kawo dabarar kuma, dabarar mutumin da ya saba karanta inuwa a daji. Da hantsi ya zaunar da Bar-su a rana, ya tallabe masa haɓa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ce in riƙe rariya a gefen kansa. Inuwar kan ta faɗo a kan akoko cif, daga hanci har wuya. Na bi gefenta da gawayi da sauri kafin ya motsa. Ashe rana ma mai zane ce, kuma ba ta tambayi ko mai rai ne ba.

Sai maganar launi. Ni da na saba da zare ɗaya, na duba kan karen nan na ga ba ja ɗaya ba ne. Goshi ja, kumatu sun yi fari-fari, baki ya yi furfura, gefen ido baƙi. Wajen badukun ƙauyen na je, tsohon da ke ɗinka wa maharba kube. Shi ya nuna mini yadda ake jiƙa karan dafi a sami ja, a daɗa masa toka ya yi duhu. Goro da aka daka ya ba ni ruwan ƙasa mai haske, ruwan baƙin da yake rina fata da shi ya ba ni baƙi. Na rina farin zarena kashi-kashi na shanya a kan darni. Tsamiya kuwa na bar ta yadda take, ita ta zama furfurar.

Na fara cikawa da sarƙa, layi bayan layi, kowane taki ƙwayar gero, yadda aka koya mini. Aikin ya yi tsaf, ko Kawu ba zai sami abin yankewa ba. Sai dai ba kare ba ne, kamar an saƙa shi da kaba. Nomau ya daɗe yana dubawa. Can ya kama wuyan hannuna, kafin in ankara ya ɗora tafina a kan karen.

"Shafa. Kai ido kake ta sawa. Ji inda gashin ya kwanta."

Na so in fizge, ya riƙe. Ban taɓa taɓa kare ba sai ran nan. Kan da ɗumi, ƙashi na tokarin fata. Na ji gashin hanci gajere ne ƙwarai, ya nufi sama. A goshi ya rabu biyu. A kumatu ya juya ya yi baya, a wuya ya yi tsawo ya kwanta kan juna. Bar-su ya lumshe ido, bai damu da ni ba. Da aka sake ni na je na wanke hannu har da ƙasa, Nomau na kallona yana girgiza kai. Amma na dawo na sa aska na warware duk abin da na yi.

Nan ne wahalar aikin take, kuma nan ne waya ba ta nuna muku. Gashi ba ya tafiya a sahu. Dole taki ɗaya ya yi tsawo, na kusa da shi ya gaza, wani ya hau kan wani, ja ya kutsa cikin ruwan goro ba a ga inda suka haɗu ba. Hannuna kuwa ya ƙi. Da na ɗan saki hankali sai in duba in ga ya koma ƙwayar gero, layi ya miƙe sambal. Abin da aka yi shekaru ana dasa mini, shi nake yaƙi da shi. Sai da na riƙa faɗa wa kaina a fili, dogo, gajere, dogo, karkace, kamar mai koyon tafiya. Ga allura a rariya ba kamar a gwiwa ba ce: sai ka soka ta sama, ka kai hannu ƙasa ka karɓa, ka lalubo inda za ta fito ba ka gani. Na soki yatsa har na daina kulawa.

Da na gama kunnuwa na ji daɗin kaina, don sun fito a tsaye, daidai wa daida. Na miƙa wa Nomau ina jiran yabo. Ya duba, fuskarsa ta canja.

"Wannan karen wa?"

"Naka mana, Baushe."

"Ina tsagar?"

Na dubi Bar-su. Kunnensa na hagu a tsage yake, yagewa babba har kusan rabi. Inuwa ta nuna ta, gawayina ma ya bi ta. Amma da na zo ɗinki hannuna ya cike wurin ban ma sani ba, ya mayar da shi ɗan'uwan na dama.

"Kai maɗinki ne, ka ga yagewa ka ɗinke," in ji Nomau. "Gyado ne, aladen daji, ya yi masa ita. Ni ya nufo, kibiyata ta kuskure, wannan ya shiga tsakani. Ba don tsagar nan ba da ba ka same ni ba, balle dawata. Ka mayar masa da abinsa."

Na sa aska na yage kunnen da na gyara. Tun da nake ba a taɓa sa ni in ɓata aiki don ya yi daidai ba sai ran nan.

Ido na bari ƙarshe. Na huda da tsinke na zagaye da baƙi yadda muke yi wa riga, ya fito kamar maɓalli. Sai da na tsuguna gab da karen, numfashinsa na bugun fuskata, na ga idon ruwan zuma ne, baƙin a tsakiya kawai yake, da ɗan haske a gefe. Na cike hudar, na yi shi haka. Ran da na yanke zaren ƙarshe Bar-su na kwance a inuwar rumbu, ba ya ko iya korar ƙuda. Nomau ya riƙe rariya, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Shi ne." Ya kafa tsinke a bangon zaure ya rataye, ya shiga gida ya fito da dawa. Karen bai ga damina ba, yadda ya faɗa. Dawar kuwa ita ta kai yarana har ruwa ya sauka.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin in sauke kaya daga jaki, Magariya ta ji Lawali ya yi kare. A bakin wasu har da ƙafafu da wutsiya, wani ma ya ce an ji shi yana haushi. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Lawali, tunkiyata ma na son a yi ta." Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ya zo bayan an yi kaka. Gero ya yi, mutane sun fara murmurewa, riguna sun fara fitowa ɗaya-ɗaya. Ina ganin ana wucewa da su ta gaban rumfata a naɗe, da zanen Malam a jiki, ana kai wa waɗanda ni na koya wa riƙon allura.

Na je gaida Malam ba sau ɗaya ba. Yakan amsa da kyau, ya tambayi Rabi da yara, ya yi mini addu'a, maganar riga kuwa ko alama. Na zaga wajen sauran masu zane, kowa ya ce, "Sai abin da Malam ya ce." Na sayi tawada na gwada da kaina a tsumma. Askar ta fito kamar ƙahon rago, dagi kuwa na shiga na rasa hanyar fita. Ƙarshenta basilla na ɗauka, na koma bakin kasuwa ina ɗinke bakin buhu, ni da ake layi a ba ni aska takwas. Na ji zafin wannan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har na fara yi wa Rabi maganar mu tattara mu tafi Kano, inda ba wanda ya san ni.

Wata ranar kasuwa Nomau ya same ni a kan buhuna, shi kaɗai, ba kowa a bayansa. Ya ce an yi musu rasuwa, wansa ne, kuma Malam Isuhu na cikin waɗanda suka je gaisuwa, don akwai zumunci ta wajen mata. A zaurensa aka zauna. Ya manta bai sauke rariyar ba.

"Ana addu'a idonsa na bango," in ji Nomau. "Da aka shafa, ya tashi ya je ya tsaya. Ya ce, 'Ina sauran jikin?' Na ce iyakarsa ke nan, Allah gafarta. Ya ce, 'Kai kaɗai?' Na ce kai kaɗai. Ya ce in sauko masa da shi."

"Ya taɓa?"

"Ya karɓa da hannunsa. Amma ba fuskar ya duba ba, juya shi ya yi yana kallon baya."

Wanda ya san aiki baya yake dubawa, don nan maɗinki ke ɓoye ƙulli da tsalle da duk ha'incinsa. Ni dai na san ban bar ƙulli ba, ko kare ne ko riga, amma aiki ne na lalube.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya miƙo mini, ya sa takalmi."

Na jira, shiru. Salla ta matso, rumfunan maɗinka sun cika, ni ina nan da basilla. Na riga na gaya wa mai rumfar da ke kusa da tawa cewa in yana so ya haɗa da tawa, bayan salla zan tashi.

Ina zaune a rumfar da hantsi ina tattara ɗan abin da ya rage, sai ga wani mutum daga Waca da ƙunshi a hammata, yana leƙa rumfuna ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a gabana.

"Salamu alaikum. Wai nan ne wajen Mai Kare?"

Masu zaman rumfa suka fashe da dariya. Na haɗe rai na ce, "Wa ya ce maka haka?"

"Malam Isuhu. Na ce wa zan kai wa, ya ce in shiga kasuwa in tambayi Mai Kare."

Ya kwance ƙunshin. Farar shadda ce, aska takwas cikakkiya, da dagi manya da ƙanana har bayan wuya, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Ko a mafarki na san layin nan. Irin zanen da Malam ba ya ba kowa sai wanda ya yarda da hannunsa.

Mutumin ya ce, "Akwai saƙo. Ya ce in gaya maka, kan da ba jiki ba ya rayuwa, saboda haka bai cika sura ba. Ya ce amma kada ka ƙara."

Ni ba malami ba ne, ban tsaya bincike ba. Na ce, "Ka ce masa na ji." Na wanke hannu, na ɗora rigar a gwiwa, na nemi allurata. Sai da na ɗan yi lalube kafin in zura zare, don idona ya kawo ruwa.

Ban ƙara ba kuwa. Daga ran nan har Malam ya koma ga Allah, duk riga mai wuya ni yake turo wa, kuma bai sake kirana Lawali ba.